Maulidin Sanyi

Babana, Allah Ya jiƙansa, bai san ranar da aka haife shi ba, amma ya san Maulidin sanyi biyu ya gani a duniya. Na farko a ƙarshen Disambar 1982, shekarar da ya bar yaron shago ya kafa tukubarsa ta kansa a gefen filin Maulidi na Omdurman. Na biyu a Disambar 2015. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11, don haka Maulidi kullum baya-baya yake tafiya a cikin yanayi: daga sanyi ya koma kaka, daga kaka ya faɗa damina, daga nan ya shiga bazara. Sai ya yi shekara 33 kafin ya sake dawowa tsakiyar hunturu. Baba yakan ce mai rabo ne ke ganin uku.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakan Babana yana cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Makka suka nufa, sai tafiya ta tsaya a Mai Wurno, garin da ɗan Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nil kusa da Sinnar. Kakana ya ƙare ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira. Babana ya gangaro Khartum da wuƙa da tsinke. Ni kuwa a Kalakla aka haife ni, kudancin birni, tsakanin titin Jabal Auliya da Farin Nil. Ban taɓa taka Kano ba, amma a gidanmu ko tsawa za a yi wa yaro da Hausa ake yi.

Sana'ar Baba agashe. Tsire ne dai, wanda kuka sani: a yanka nama fale-fale, a tsire shi, a turbuɗa shi a garin ƙuli da yaji, a jera tsinkayen a kewaye garwashi. Sunan ma namu ne, “a gashe”, amma yau duk Sudan haka ake kiransa, har wanda bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba. Duk shekara a kasuwar Laffa ta Kalakla yake zama, amma da watan Rabi'ul Awwal ya tsaya sai ya kwashe kayansa ya haye gada zuwa Omdurman, ya yi kwana 12 a can.

Wanda bai taɓa ganin filin nan ba, bari in kwatanta masa. Fili ne mai faɗi da katanga, na masallacin Halifa Abdullahi, dab da ƙubbar Mahadi. Ana buɗe biki da jerin gwanon da ake kira zaffa, ɗariƙu da tutocinsu kore da ja, ana kaɗa manyan gangunan nuba da bandiri. Kowace ɗariƙa ta kafa rumfarta: Ƙadiriyya, Tijjaniyya, Sammaniyya, Hatmiyya, Burhaniyya, ga Ansaru mabiya Mahadi. Har waɗanda ke cewa Maulidi bidi'a ne sukan kafa lasifikarsu su yi wa'azi. Idan ka tsaya a tsakiya da dare, zikiri goma ne ke shiga kunnenka lokaci ɗaya, ga hayaƙin turare, ga ƙura, ga fitilu. Daren ƙarshe, wanda ake kira gafla, ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba.

A wajen katanga kuma sai rumfunan alewa, an jera ta hawa-hawa kamar matattakala: ta riɗi, ta gyaɗa, ta kwakwa, da lakum mai danƙo. A can sama ake ajiye abin da ke sa yara kuka, wato amaryar Maulidi, 'yar tsana ta zallar sukari mai launin ruwan hoda, da mafici na takarda a bayanta kamar jelar ɗawisu. Yara maza kuma doki da mahayinsa. Ina ƙarama Maulidi a watan Yuni da Yuli yake faɗowa, cikin zafin da ke narkar da kwalta, don haka amaryata ba ta taɓa isa Kalakla da fuskarta ba. Kafin motar haya ta wuce Shajara ta fara zufa a hannuna. Kakata ba ta son ganinta a ɗaki, tana cewa mutum-mutumi ne. Baba sai ya yi dariya ya ce, “Inna, a bar ta, kafin asuba sun cinye fitinar.” Ni kuma ya juyo ya ce, “Ki yi haƙuri Uwata, akwai Maulidin da amarya ba ta narkewa. Za ki gan shi.” Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Daga baya, ina haɗa wani shiri, na karanta cewa daga Masar amaryar nan ta zo mana, kuma ana danganta asalinta da zamanin Faɗimiyyawa. Na kuma tarar cewa a Palermo, can tsibirin Sisili a kudancin Italiya, wanda Musulmi suka taɓa mulka, har yau ana zuba 'yan tsanar sukari, ciki har da mahaya doki, a ba yara ranar 2 ga Nuwamba a ce kyauta ce daga mamatan gidan. A lokacin abin dariya ya ba ni. Yanzu ba ya ba ni.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina aji shida na firamare wata 'yar ajinmu ta gan ni a filin, zaune kan benci ina yanka wa Baba albasa da lemun tsami. Washegari a makaranta ba wanda ya kira ni da sunana. 'Yar Fallata mai agashe. Fallata shi ne sunan da ake haɗa mu da shi duka a nan, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, kuma ya danganta da bakin da ya fito: wani suna kawai yake nufi, wani kuwa yana tuna maka ne cewa kai baƙo ne, ko da kakanka a nan aka binne shi. Tun daga ranar na daina zuwa tukuba. Na goge Larabcina har ba mai jin wani gargada a harshena. Na yi difloma a aikin jarida, na sami aiki a wani gidan rediyo, ina gabatar da shiri da Larabci. Shekara uku ina aiki, abokan aikina ba su san da wane harshe nake mafarki ba.

Sai ga Disambar 2015. Ban taɓa ganin Khartum cikin shagali irin na makonnin nan ba. Iskar arewa na kaɗawa, mutanen da suka saba da zafi digiri 45 sun naɗe kai da rawani da mayafi kamar za su hau dutsen ƙanƙara. Da sassafe kowa na tsugune gaban masu shayi, ana shan mai madara da zalabiya. Maulidi ya faɗo a makon Kirsimeti. Maƙwabtanmu 'yan Kudu da suka rage bayan rabuwar 2011 suna toya biskit, Innata na aika musu alewar riɗi, su kuma su aiko da faranti a rufe. Mako guda bayan haka, 1 ga Janairu, ƙasa ta cika shekara 60 da samun 'yanci. Ranar 7 ga wata kuma Kibɗawan unguwar Masalma a Omdurman suka yi tasu Kirsimetin. Biki na bin biki, kamar an ɗinke su.

Daren gafla aka tura ni filin da rikoda in ɗauko muryoyin jama'a, tare da wani abokin aiki mai riƙe mini waya da fitila. Na san kusurwar da Baba yake zama, don haka na bi ta ɗaya gefen. Na yi hira da wani shehi, da mai alewa, da wata tsohuwa da ta zo daga Bahri da jikoki biyar. Amma cunkoso ba ya tambayar ra'ayinka. Turereniya ta kwashe mu, ta yi ta juyawa da mu, ta zubar da mu daidai gaban tukubarsa. Yana tsaye cikin tsohuwar kwat a kan jallabiya, wuta ta haska fuskarsa, mutane sun kewaye shi rabi don nama rabi don ɗumi. Ya ɗago ya gan ni da makirufo a hannu.

Ya ce, “Uwata! Kin ga abin da na gaya miki? Ga sanyin ya zo. Kin ci wani abu kuwa?”

Abokin aikina ya dube ni ya ce, “Kin san shi ne?”

Na amsa da Larabci na ce, “Mutumin unguwarmu ne.”

Baba ya ji. Shekara 40 yana ciniki da Larabci, babu abin da ya wuce shi. Bai ce uffan ba. Ya zaɓi tsinke huɗu mafi kyau, ya naɗe a takarda da albasa, ya miƙa wa abokin aikina, ya ce da Larabci, “Ku ci, baƙin Manzon Allah ne ku.” Ya ƙi karɓar kuɗi. Da na koma ofis na zauna gaban kwamfuta na yanke daƙiƙa 40 ɗin nan, shiri ya fita sumul, har aka yaba mini.

Da asuba ya dawo gida yana warin hayaƙi. Na yi lamo kamar ina barci. Da gari ya waye na ga amaryar Maulidi a kan akwatina, tsaye cak, fuskarta garau, ko gefen maficinta bai lanƙwashe ba. Ina da shekara 26 a lokacin. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Irin kunyar da ke tsakanin uba da 'ya a gidan Bahaushe takan rufe abubuwa da yawa, har da waɗanda bai kamata a rufe ba. Kullum ina cewa sai Maulidi mai zuwa zan kai masa makirufo in yi shiri guda a kansa. Maulidi bakwai suka wuce.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya tashi. Mun daure wata biyu a Kalakla, ba wuta, ba ruwan famfo, harsashi na faɗowa a tsakar gida. Daga nan muka bi hanyar da kakanni suka biyo, amma a juye: muka koma Mai Wurno wajen dangi. Da faɗa ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024 muka sake ɗaura kaya zuwa Gadarif. A can Baba ya kwanta. Ciwon suga ne, ga magani ya yi wuya, ga zuciyar mutumin da ya saba tashi ya hura wuta kullum an zaunar da shi a ɗakin aro. Ya rasu saura kwana tara Maulidi. Na riƙe hannunsa a daren, na ce, “Baba, ka yafe mini.” Ya ce, “Me kika yi mini, Uwata?” Ban iya faɗa ba. Har yau ban san ko mantawa ya yi ko rufa mini asiri ya yi ba.

Bana muka dawo Kalakla. Gidan yana nan, amma ko ƙofar banɗaki ba a bar mana ba. Hotuna, takardun makaranta, wuƙaƙen Baba, duk babu. Ina neman wata takardar shaida a cikin tsofaffin saƙonnin imel ɗina sai na ci karo da fayil ɗin daren nan, ɗanyensa, wanda na tura wa kaina kafin in tace. Na sa abin ji a kunne. Ga ganguna, ga masu bege, ga kukan wani yaro da aka hana doki. A minti na 31 sai ga shi: “Uwata! Kin ga abin da na gaya miki?” Duk duniya babu wani wuri da muryar Babana ta rage sai cikin daƙiƙa 40 ɗin da na yanke na zubar. Kuma a cikinsu, manne da tasa, akwai tawa muryar tana cewa mutumin unguwarmu ne. Ba yadda zan saurari ɗaya ban saurari ɗayar ba.

Na yi tunanin in sake yankewa, in bar tasa kawai. Aikina ne, minti biyu ya ishe ni. Ban yi ba. Makon jiya, a ɗan shirin da na koma gabatarwa, na sa shi yadda yake. Na ce wa masu sauraro, da Larabci sannan da Hausa, wannan mai agashen mahaifina ne, wannan mai musun kuma ni ce. Ban taɓa yin Hausa a iska ba sai ranar. Saƙonni suka yi ta shigowa daga Kassala da Damazin da Gadarif, wasu na ta'aziyya, wasu na faɗa, kuma masu faɗan sun yi gaskiya. Wani dattijo daga Omdurman, wanda ba Bahaushe ba, ya ce shekara da shekaru a wajen Baba yake sayen agashe daren gafla, kuma shi a saninsa Maulidi ba ya cika sai da hayaƙin nan. Ashe wurin da nake ganin an raɓa mu ne a gefe, tuni yana cikin bikin.

Yanzu Disamba ce, iskar arewa ta dawo, amma Maulidi ya yi gaba, yana can cikin damina. Ƙanena ya gina sabuwar tukuba a Laffa, da yamma nakan je in yanka masa albasa, 'yata na zaune kan benci tana kallo. Na lissafa: Maulidi zai sake dawowa tsakiyar sanyi a Disambar 2048. Idan da rai ina da shekara 59. Na gaya wa yarinyar akwai Maulidin da amarya ba ta narkewa, ta ce ƙarya nake yi. Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya nuna mata da idonta. Shi kuma Baba, Allah Ya sa ya huta, Ya haɗa shi da wanda ya yi wa hidima shekara 40 a bakin wuta.