Kujeru Biyu a Dublin

Bashi ne ya kai mu. Ranar Babbar Sallah wata abokiyar aikinmu ta karɓe mana aikin jira, ta kwana da waya kusa da filo ko da manhajar kamfani za ta tsaya cikin dare, mu kuma muka ci namanmu hankali kwance. Da Disamba ta kama sai ta ce ƙungiyarsu ta mawaƙa za ta rera Messiah na Handel a wata majami'a a tsakiyar Dublin, har ta ajiye mana kujeru biyu, miji da mata. Da wane baki za mu ce a'a?

Kamar yadda muka saba a wurin aiki, sai da muka karanta bayani kafin mu taɓa kaya. Handel Bajamushe ne mazaunin Landan. Ya tsara kiɗan a 1741 cikin kwana 24, kalmomin kuma Charles Jennens ne ya tsamo su daga Littafi Mai Tsarki. A nan Dublin aka fara rera shi, ranar 13 ga Afrilun 1742, a titin Fishamble, kuɗin ƙofa ya tafi ga asibitoci biyu da fursunonin da bashi ya ɗaure. Har maza aka roƙa su bar takubbansu a gida don wuri ya ishi jama'a. Abin da ya ba mu dariya shi ne wasu sassan daga waƙoƙinsa na soyayya na Italiyanci ya ɗauko su, ya sauya musu riga. Ashe kwafo tsohon aiki ba mu muka fara ba.

Karatun nan bai gaya mana yadda sautin yake ba. Babu lasifika ko ɗaya. Muryoyi kashi huɗu, biyu na mata biyu na maza, wannan ya ɗauko jimla, kafin ya dire wancan ya shigo da ita daga ƙasa, kowa na bin hanyarsa amma ba a karo. Mu da kan yi mako muna rigima wajen haɗa aikin mutum huɗu, sai muka yi tsit.

Amma akwai abin da muka taho da shi tun daga gida. Mu Musulmi ne. Annabi Isa namu ne, sai dai abin da waƙar ke faɗa a kansa ba aƙidarmu ba ce. Kuma mun san a ƙarshen kashi na biyu, wurin Halleluya, kowa miƙewa yake yi. A cikin bas mun yi ta ja: miƙewar girmama masu gida ce, ko shaida ce da jiki? Har muka sauka ba mu daidaita ba.

Da wurin ya zo, kakaki da ganguna suka tashi, benci ya yi ƙara, mutane suka miƙe. Ɗayanmu ya tashi, ɗaya ta zauna, hannunmu na riƙe da juna. Dattijuwar da ke gefenmu ko kallonmu ba ta yi ba, leɓenta na bin waƙar.

A bakin ƙofa abokiyar tamu ta fito da gudu cikin baƙar riga, sanyi na kaɗa ta. Tambaya ɗaya ta yi mana: an ji muryar ɓangarensu kuwa, ko maza sun danne su? Muka ce an ji.

Maganar miƙewa har yau ba mu gama ta ba. Aikin jira na ranar Kirsimeti dai mu muka karɓa.