Saƙo na isa gida, mai saƙon bai isa ba

A Kebbe ko Tambuwal, yaron da ya tashi yana jin kansa mace yakan gane tun yana makarantar allo cewa gidan mahaifinsa ba zai iya ɗaukarsa ba. Ƙarshenta sai ya nufi Sakkwato ko Kano, ya shiga cikin 'yan daudu, ya kama sayar da abinci a bakin tasha.

Bai bar addini a gida ba. Rudolf Gaudio, masani ɗan Amurka da ya zauna da 'yan daudu a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa da yawansu na salla da azumi, wasu ma sun sauke farali. Shari'ar da Sakkwato ta ƙaddamar a 2000 da dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi sun ƙara musu tsoro, amma abin da ya fi cin ransu shi ne hakkin iyaye.

Ga salla ta zo, ya aika turmin atamfa da kuɗin cefane. Inna ta karɓa, ta sa albarka a ɓoye. Baba ya ƙi a ambaci sunansa. In an yi rasuwa, wani lokaci sai bayan addu'ar uku labarin ke riskarsa, daga bakin direban mota.