Kujerar Gaba da Gaban Gaba

A wannan makon zan ɗan kauce daga labarin da muke bi, domin in tattauna da ku a kan wata tambaya da abokan tafiya suka sha yi mini, wato shin mutumin da ya riga ya samu kujera a sashen bizines na jirgin sama, akwai riba ya kwashe makin da ya tara ya haye fas-kilas? Na san wani zai ce yau kuma ɗan Sule Tankarkar ya zo da zancen masu da shi. A yi mini uzuri, domin tambayar ta shafi duk wanda ya taɓa riƙe ɗan abin hannu yana tunanin inda ya fi dacewa ya sa shi.

Ga wanda bai sani ba, kamfanonin jirage suna ba fasinjan da ya yi rajista da su maki gwargwadon nisan tafiyarsa da tsadar tikitinsa. Kamfanin American Airlines na Amurka ne ya fito da shahararren tsarin irin wannan a 1981, yau kuwa kusan kowa na da nasa: Emirates na da Skywards, Ethiopian na da ShebaMiles, Saudia na da Alfursan. Idan makin ya taru kana iya karɓar tikiti da shi, ko ka ɗaga kujerarka daga wani sashe zuwa na gaba da shi. Ni abin da ya haɗa ni da wannan harka shi ne riɗi da zoɓo. Kamfanin da nake wa aiki yana sayensu a kasuwannin Maigatari da Gumel da Gagarawa, yana fitarwa waje, saboda haka nakan je wurin masu saye, har da baje-kolin abinci na Gulfood da ake yi a Dubai duk shekara. Kamfani ke biyan bizines idan tafiyar mai nisa ce, makin kuwa tun farko na tambayi maigidanmu ya ce ya bar mini, don kada in ci abin da ba nawa ba.

Duk wanda ya taso a yankinmu ya san darajar gidan gaba. Ranar Alhamis, idan ka shiga motar Maigatari aka cusa ka a baya tsakanin buhu da akuya, kafin ka isa ƙafarka ta yi sanyi, wuyanka ya ƙage. Wanda ya sayi gidan gaba shi kaɗai kuwa, zai sauka da rigarsa ba ko lanƙwasa. Wannan bambanci ne na gaske, jiki ne ke shaida shi. To amma a ce direba ya leƙo ya ce maka idan ka ƙara ninkin kuɗin zai shimfiɗa maka darduma a kan kujerar, ya miƙo maka goro fari a faranti, nan kuma sai ka tsaya ka yi lissafi, domin wahalar da ka gudo wa ka riga ka tsere mata tun a biyan farko. Haka abin yake a sama. Tazarar da ke tsakanin ikonomi da bizines tazara ce ta barci da rashin barci. Tazarar da ke tsakanin bizines da fas-kilas kuwa, galibinta ta ado ce.

A da ba haka ba ne. Shekarun baya kujerar da ke kwanciya ta zama gado sai a fas-kilas, har zuwa shekarar 2000 da British Airways ya kawo ta sashen bizines, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2017 Qatar Airways ya fito da Qsuite, kujerar bizines mai ƙofarta da za ka ja ka rufe kanka. Da bizines ya matso kusa haka, kamfanoni da yawa sai suka ga ba su da bukatar wani sashe a gabansa. Ethiopian, wanda 'yan kasuwar Kano ke bi ta Adis Ababa zuwa Guanzu, ba shi da fas-kilas ko kaɗan, haka ma Turkish Airlines. Ke nan su kansu masu jiragen sun yi irin lissafin da nake so mai karatu ya yi.

Ba ji na yi ba, na gani, kuma gani ya kori ji. A 2019 ina da wani maki a Emirates da wa'adinsa ya kusa cika, domin nasu yana mutuwa ne bayan kimanin shekara uku, kuma ba ni da wata tafiyar da zan sa shi. Sai na ɗaga kujerata daga Dubai zuwa Landan a cikin ƙaton jirgin nan mai bene, A380. Gaskiya ɗaya ce, an yi mini hidima. Ɗakuna 14 ne kacal a sashen, kowa da ƙofarsa, abinci sai lokacin da ka ga dama, aka kawo kayan barci, aka gyara shimfiɗa. Har wanka na yi a sararin samaniya, ruwan na minti biyar ne, akwai ma'auni da ke nuna maka abin da ya rage. Mu da muka taso muna wanka da rabin bokiti a lokacin bazara, minti biyar ai har da ragowa. Na ji daɗi ƙwarai. Amma da na zauna na tsefe abin, sai na ga babban kason abin da ake tinƙaho da shi a wurin giya ce mai tsada da ƙwan kifi. Giya dai Musulmi ba ruwansa da ita, ƙwan kifin kuwa a bakina bai kamo ƙafar soyayyen kifin Haɗeja ba. Sauran tafiyar barci na yi, kuma idan ido ya rufe, gadon bizines da na fas-kilas duk sunansu gado.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata ɗan Nijeriya ya lura da su. Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar nan a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba, 2024, kuma da Boeing 777 ya dawo, wanda ba shi da wurin wankan da ake ta labari. Ɗan kasuwar da ke hangen ƙarin kaya shi ma ya sani, daga Afirka jaka biyu ce mai kilo 32 kowacce, ko kana bizines ko kana fas-kilas. Sannan tafiyar da mutanenmu suka fi yi, wato Kano zuwa Jidda, ba ta kai awa shida ba. Kafin ka gama cin abinci ka kishingiɗa, an fara shelar a ɗaura ɗamara.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar maki kamar tsintuwa. Maki kuɗi ne da aka sauya wa suna, kuma hanyar sanin darajarsa ita ce ka tambayi kanka me zai saya maka idan ba ka kashe shi a nan ba. Kada ka auna shi da farashin tikitin fas-kilas, domin wannan kuɗi ne da ko a mafarki ba za ka fitar daga aljihunka ba, saboda haka ba a ce ka tsira da shi ba. Auna shi da tikitin da dole sai ka saya. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kujerar Hajjin 2025 kuwa ta wuce Naira miliyan 8. A irin wannan zamani, makin da zai ɗauke maka kuɗin tikiti guda ba abin wasa ba ne, ko da yake haraji da wasu caje-caje dole da kuɗi za ka biya su.

Bara na sake samun kaina a mararrabar. Maki ya taru a wani kamfanin da ke tashi daga Kano, aka aiko mini saƙo cewa zan iya hayewa fas-kilas a zango na biyu na wata tafiya. A daidai lokacin ne kuma muke haɗa wa Innarmu guzurin Umara, ga ta da ciwon gwiwa, ko zaman mota daga gida zuwa Gumel sai an tsaya ta miƙe ƙafa. Na je gida muka zauna da babban wanmu a zaure bayan sallar isha'i, na kwance masa yadda abin yake. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai a can inda suke sa ka, ba ka samun barci ne?"

Na ce, "Ina samu, Yaya, har da minshari."

Ya ce, "Ita Inna fa, a ina za ta zauna?"

Na ce masa a baya, inda gwiwa ke dukan kujerar gaba. Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauki butarsa ya shiga gida. Washegari na buga wa kamfanin waya, aka duba aka samu gurbi, makin ya ɗaga Inna zuwa bizines zuwa da dawowa. Da ta dawo, abin da ta fi ba mata labari a tsakar gida shi ne wai kujera ta kwanta da ita kamar gadon asibiti, ta sauka da ƙafarta ta yi ɗawafi ba a tura ta a keke ba. Makin nan da zai saya mini darduma da farin goro, ita lafiyar ibada ya saya mata.

Ban ce fas-kilas haramun ba ne, kuma ban ce kullum asara ba ce. Idan makinka na gab da mutuwa kuma babu wani naka da zai amfana, hau abinka, da babu gara ba daɗi. Idan tafiyar dare ce ta awa goma sha wani abu, kuma jirgin tsoho ne wanda kujerar bizines ɗinsa ba ta kwanciya sosai ko sai ka tsallake maƙwabci kafin ka fita, nan ma akwai hujja. Haka wanda yake so ya gani sau ɗaya a rayuwa don ya kashe ƙwarƙwatar idonsa, ba mai ganin laifinsa. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓoye maki kamar hatsi a rumbu, domin kamfani na iya ƙara yawan makin da ake bukata a duk ranar da ya ga dama, kuma guraben da ake warewa masu maki kaɗan ne, musamman a watan azumi. A yi amfani da shi da wuri, amma kafin ka danna amincewa, duba irin jirgin, duba tsawon tafiyar, sannan ka waiwaya gida ka ga ko akwai tsohuwa, ko mara lafiya, ko ɗalibin da ke bukatar tikitin komawa makaranta.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya ba iyayenmu ikon ziyartar ɗakinSa, amin.