Sarkin Da Ya Ƙi Tsufa: Abin Da Na Gani A Birnin Rum

Duk baƙon da ya shiga gidan adana kayan tarihi na Fadar Paparoma a birnin Rum, ƙasar Italiya, abin da zai fara ba shi kunya shi ne yawan mutum-mutumin da ke tsaye tsirara, ko da yake an rufe al'aurar waɗansu da ganyen ɓaure. Wannan al'adar Girkawan dā ce, domin samarinsu tsirara suke kokawa da tsere, kuma a ganinsu jikin da ya horu shi ne shaidar mutumin kirki.

Na fara bi ta wani dogon zaure da aka jera kawunan mutanen Rum na farin dutse, dama da hagu. Da yawansu dattawa ne, ga sanƙo, ga tamoji a goshi, ga kumatu sun zurma. Masassaƙi bai ɓoye kome ba, dalili kuwa kafin a soma sarautar Kaisar a Rum, tsufa abin alfahari ne ga mai neman muƙami. Fuskar da ta yamutse ita ke nuna mutum ya ga jiya ya ga yau.

Daga nan na ratse zuwa wani zaure da aka buɗe a 1822, inda na iske saurayi mai riƙe da mashi, ko da yake mashin ya ɓace. Kwaikwayo ne na aikin wani Bagirke mai suna Polikilaitos, wanda ya ƙera na asalin da tagulla wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Mutumin nan da awo ya yi aiki, watau tsawon kai ya zama kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na tsawon jiki. Ya ɗora nauyin saurayin a ƙafar dama, ya saki ta hagu, har ka ce yanzu zai taka. Amma ba siffar wani takamaimen mutum ba ce. Siffa ce ta yadda Girkawa ke son ɗan Adam ya kasance.

A cikin zauren nan dai Kaisar Augustas yake tsaye, tsawonsa ya ɗara mita 2, an tono shi a 1863 a gidan matarsa Libiya da ke bayan gari. Da na dubi ƙafafunsa sai na ga tsayuwar saurayin nan ce sak. An sa masa sulke, an ɗaga hannunsa na dama kamar mai yi wa mayaƙa jawabi, sa'an nan aka bar shi ba takalmi, yadda ake sassaƙa abubuwan bautarsu. Fuskar kuwa sumul, ba tabon shekaru ko ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Augustas ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, amma ba a san siffarsa da ke nuna shi tsoho ba. Marubucin tarihi Suwetoniyas ya faɗa cewa gajere ne, yakan sa takalmi mai tudu don ya ƙara tsawo, haƙoransa ƙanana ne kuma sun lalace. Talakan da ke Masar ko Siriya bai taɓa ganinsa ido da ido ba, dutsen kaɗai ya sani, dutsen kuwa aron jiki ya yi wa sarki.

Na fito ina tunanin aikinmu na jarida. Kullum ana miƙo mana hotunan shugabanni an gyara su tsaf, mu kuwa mu buga. Ashe dabarar ta yi shekara dubu biyu. Da ba don wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta zancen takalmi da haƙora ba, da har yau dutse ne ke da maganar ƙarshe.