Rabo na uku

Bayan rasuwar Baba, gonarmu ta Gangara, kusa da Gazawa, ta zama ta mutum 5: maza uku, mata biyu. Malam ya yi lissafin gado, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Jan iyaka ne ya gagara, don gonar ta lanƙwashe kamar lauje, ga gawo 6 warwatse a ciki, kuma kowa ya san geron gindin gawo ya fi kyau.

Na zagaye gonar da GPS na waya, na rubuta ɗan shiri da Python: ya ja layuka, ya auna faɗin kowane kashi, ya ba da maki, ya gyara, ya sake, har sau 20,000. Da safe na buɗe wanda ya ajiye a matsayin mafi maki, sai ga shirme. Ashe ban kwafi jerin layukan ba, sabon suna kawai na laƙaba masa, duk gyaran da ya biyo baya yana taɓa ajiyata. Da deepcopy na magance wannan.

Na kuma sa ya riƙe biyar na sama maimakon ɗaya, kuma Allah ya so ni. Na farkon ya daidaita faɗi sarai, amma ya toshe wa ƙanwata hanyar amalanke. Yaya ya ɗora yatsa kan na uku, ya ce: "Wannan dai, kowa na da gawonsa." A kan layukansa muka dasa gamba da ruwan farko.