Takardar gwajin Inna

A gidanmu na Gummi, ni ne mai karanta takardar asibiti. Malamin makaranta ne ni, ban taɓa karatun likita ba, amma tunda ni na yi boko, duk ledar magani hannuna take fara zuwa.

Inna ta daɗe da hawan jini. Da ƙafafunta suka fara kumbura, har daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta, muka kai ta Sakkwato. Aka ɗebi jininta aka auna wani sinadari da ake kira BNP. Zuciya ce da kanta take sakinsa idan jini ya cika ta har bangonta ya ɗame, shi kuma ya sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, jijiyoyin jini su saki. Sai a 1981 ma Adolfo de Bold ya gano a Kanada cewa zuciya na irin wannan aiki, BNP ɗin kuwa a Japan aka gano shi a 1988. Na Inna ya hau sosai. Aka ɗora ta a kan Lasix, mai sa fitsari, da lisinopril.

Ta samu sauƙi, kumburi ya saɓe. Da aka sake gwaji, lambar ta sauko ƙasa.

Da bazara ta kankama sai ta fara kuka da maganin. "Ɗan nan, abin nan ya hana ni riƙe alwala, ga busasshen tari ya hana ni barci." Na jera takardun biyu a kan tabarma, tsohuwa da sabuwa, na ce, "Inna, zuciyar ta warke, ga shi a rubuce." Ban tambayi kowa ba, na sa ta daina shan maganin. Kuma ba zan ɓoye ba, kuɗin maganin daga albashina yake fita duk wata, don haka hukuncin ya yi mini daɗi.

Wani dare na same ta zaune, ta jingina da bango, kwanciya ta gagare ta. Na danna babban yatsana a ƙwaurinta, na ɗaga, ramin bai cike ba. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Ai kai ka ce na warke."

Likitan da muka koma wa bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Lokacin gwaji na biyu, tana shan magani?" Na ce tana sha. Kafin in rufe baki na gane abin da na aikata, jikina ya yi sanyi. Lasix ya rage ruwan da ke cika zuciyar, lisinopril ya sassauta jijiyoyin da take tura jini cikinsu, sai ta rage sakin sinadarin. Aikin maganin na gani a takarda na kira shi waraka. Ciwon yana nan, ni kuma na ɗauke abin da ya danne shi. Ya ƙara da cewa wasu magungunan, irin su atenolol, kan iya ɗaga lambar da farko ko da mutum yana samun sauƙi, saboda haka ba a fassara ta sai an san me ake sha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk koke-kokenta suna da mafita. Tarin daga lisinopril yake, aka musanya mata da losartan. Lasix kuma aka ce ta sha da sassafe, bayan asuba, kafin azahar ƙarfinsa ya ragu.