Karofin Zamani a Rano

Kakana marini ne. Ina yaro nakan kai masa fura karofi, in tarar da shi tsaye bakin marina yana juya baba da muciya, hannuwansa sun yi baƙi ƙirin. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, kowane marini da raminsa, da masu kawo masa rini, da aljihunsa, amma fili ɗaya ne, inuwa ɗaya. Sai da na kusa rabuwa da aminina a kan kuɗin fetur, sa'an nan na gane hikimar wannan zama.

Ni dai sana'ata zanen katin biki da kalanda a kwamfuta, da ita nake biyan kuɗin makaranta. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Wutar lantarki kuwa sai ran da ta ga dama. Ɗan janaretana ya zame mini doki, yana cin abin da ya kamata ni in ci. Haka aminina mutumin Kibiya, mai surfani da keke, shi ma yake kuka. Muka ce, to, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka jawo mai ɗaukar hoto, da mai rubuta allunan kantuna, da wani dattijo mai zanen hula, muka kama shago mai ɗaki biyu kusa da kasuwar Rano. Kowa da sana'arsa, ba mai gida ba yaro, haya da fetur kaɗai muka haɗa.

Watannin farko abin sai san barka. Ango zai zo neman kati, ya ga surfani ya ba da ɗinkin riga, kafin ya fita ya yi ciniki da mai hoto. Amma Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mun yi kuskure ɗaya, watau mun raba kuɗin fetur daidai wa daida, alhali dutsen gugar aminina kaɗai ya fi kwamfutata shan wuta nesa ba kusa ba. Ga shi kuma in an koma karatu ina Kano, ba na shagon, amma sai in biya. Wata rana na faɗa masa magana mai zafi a gaban mutane. Bai ce uffan ba. Kashegari ya ɗaure kekensa a babur ya koma Kibiya.

Na kai ƙara wurin baffana, wanda ya taso a karofi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Wane ne sarkinku?"

Na ce, "Baffa, ai mu abokai ne, ba mu da sarki."

Ya yi dariya ya ce, "Yaro man kaza! Mu a karofi 'yan'uwa ne ma, amma da Sarkin Karofi. In rigima ta tashi shi ke raba ta, kowa kuwa ya san iyakar raminsa. Ku kun haɗa kai ne ba ku haɗa ƙa'ida ba."

Maganar nan ta shige ni. Na tuna cewa a tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, kuma marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta tun 1498, har yau ana rini a cikinta. Lalle zumunci kaɗai ba zai riƙe wuri tsawon wannan zamani ba, sai da tsari.

Na hau babur na tafi Kibiya, na ba aminina haƙuri a ƙofar gidansu. Da ya dawo muka naɗa dattijon nan mai zanen hula sarkinmu. Muka sayi littafi, kowa ya rubuta awoyin da ya yi aiki da irin na'urar da ya kunna, a biya bisa ga haka. Muka hana kowa kiran mai sayen wani. Muka kuma fara adashi, da shi muka sayi faranti mai amfani da hasken rana, janareta ya huta.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu da sana'ar hannu za mu ci abinci, ba da aikin ofis ba, kuma tsadar haya da wuta za ta tilasta mana zama wuri ɗaya. In za ku yi, kada kunya ta hana ku zancen kuɗi tun ranar farko. Ku rubuta, ku naɗa mai raba gardama. Ni sai da na sha rana a hanyar Kibiya na koyi wannan. Allah ya sa mu dace, amin.